Yadda Ake Zana Tsofaffin Gine-ginen Hukuma a Birnin Sakkwato

Tun lokacin da na fara nuna zanen wasu tsofaffin ofisoshin hukuma na cikin garin Sakkwato, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa daga ɗalibai da masu sha'awar zane: ta ina ake farawa, da wane kaya, nawa zai ci, kuma yaya ake yi masu gadi su bar mutum ya zauna gaban ofis da takarda a cinya? Na ga ya fi dacewa in tattara amsar wuri guda bisa tsarin da nake bi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun farko shi ne cewa zanen ginin hukuma shaida ne. Ana yi wa waɗannan gine-gine kwaskwarima lokaci-lokaci, a cire tagar katako a sa ta alminiyam, a lulluɓe bango da tayil, har wata rana a wayi gari zanenka ne kaɗai zai nuna yadda wurin yake a da. Saboda haka abin da ido ya gani, aka ƙirga, aka auna, shi ake sa wa a takarda.

1. Zaɓen gini

Gine-ginen hukuma a Sakkwato iri uku ne ga mai zane. Akwai na sarauta, wato Fadar Sarkin Musulmi da ke Kanwuri da wuraren tsofaffin ƙofofin gari irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade da Ƙofar Taramniya. Akwai na zamanin En'e da Turawan mulki, masu kaurin bango da baranda da rufin kwano, irin ofisoshin baitulmali da kotunan alƙalai. Sai kuma na kankare waɗanda suka biyo bayan 1967, lokacin da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, irin Sakatariyar Usman Faruk.

Mai farawa ya ɗauki ƙaramin gini mai hawa ɗaya daga rukuni na biyu, wanda ake iya ganin gabansa da gefensa ɗaya daga bakin titi. Sakatariya tana da tagogi masu yawa da suke maimaita juna, kuskure ɗaya a awo yakan bi su duka ya ɓata. Fada kuma tana buƙatar hannun da ya riga ya faɗa.

2. Neman izini

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo nadama. Ka rubuta gajeriyar takarda da sunanka, aikinka ko makarantarka, ginin da kake son zanawa, ranakun da za ka zo, da abin da za ka yi da zanen. Idan ma'aikata ce, a kai ta ofishin daraktan mulki ko babban sakatare. Idan fada ce, sai ofishin sakataren Majalisar Sarkin Musulmi. Idan ƙofa ce ko wani gini na cikin unguwa, a fara gaishe da mai unguwa. Ka yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe shi cikin littafin zanenka, domin mai gadin safe ba lallai ya san abin da aka gaya wa na yamma ba. Ka haɗa da hoton wani zane da ka taɓa yi, domin jami'in da ya ga irin aikin da idonsa ya fi saurin amincewa da wanda aka yi wa dogon bayani.

Ko da takarda a hannu, ka fara da masu gadi kowace rana. Ka yi sallama, ka gaishe su, ka buɗe littafin su gani, ka tambaye su inda zamanka ba zai tare hanya ba. Na taɓa zama gaban wani ofis ban yi haka ba, bayan minti kaɗan sai ga wani dattijo mai gadi tsaye a kaina yana cewa, "Malam, mi kaka yi nan?" Ranar ban ja layi ko ɗaya ba, na ƙare da bayani a ɗakin gadi, kuma laifin nawa ne. Da na dawo da takarda bayan mako guda, shi ne ya kawo mini benci, ya kuma nuna mini inda aka toshe wata tsohuwar ƙofa da bulo, abin da idona bai lura da shi ba.

Hattara: ka nisanci barikin soja, ofisoshin 'yan sanda, gidan gyaran hali da duk wani wurin tsaro. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta ambaci zane da ɗaukar hoto a wuraren tsaro da aka keɓe, kuma a halin da ake ciki babu jami'in da zai ɗauki mai zana ƙofarsa da wasa. Gidan Gwamnati ma kada a kusance shi da fensir sai da rubutaccen izini. A kowane gini kuma, kada ka zana wurin da kyamarorin tsaro suke ko inda masu gadi ke tsayawa.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Na fita waje ba su da yawa: littafin zane mai girman A4, fensir HB da 2B, kilina mai laushi, reza ta fiƙe fensir, katako mara nauyi na ɗora takarda da matsi biyu na ƙarfe saboda iska, kujera 'yar tsugunno, malafa da gorar ruwan sha. Na babban zanen kuwa su ne takardar A3, wadda faɗinta santimita 42 ne da 29.7, fensir 2H na layukan farko, rula mai tsawo, salatif na takarda, alƙaluman tawada masu baki 0.1 da 0.3 da 0.5, da burushi biyu da fentin ruwa idan za a sa launi.

Fensir da kilina da rula ana samunsu da araha a shagunan littattafai na Babbar Kasuwa. Kuɗin yana tafiya ne ga abu uku, wato takarda, alƙaluman tawada da firam. Idan aljihu bai kai ba, a rage a wajen fenti da firam, kada a rage a wajen takarda. Zanen tawada zalla yana son takarda mai nauyin giram 200, na fentin ruwa kuma giram 300. Kwali na yau da kullum da ake yi wa aikin makaranta yakan kumbura da ya sha ruwa, ya kuma koma rawaya cikin 'yan shekaru.

Hattara: kafin ka biya kuɗin alƙalamin tawada, ka ja layi da shi a gefen takarda, ka jira minti biyu, ka shafa jiƙaƙƙen yatsa. Idan ya baje, ba zai jure fentin ruwa ba, ko me aka rubuta a jikinsa.

4. Ziyarar farko: duba haske

A zuwan farko ba a zane. Ka zagaya iya inda aka yarda maka, ka lura da inda ginin ya fuskanta, domin shi zai yanke maka lokacin aiki. Wanda ya kalli gabas da safe ake zana shi, daga ƙarfe bakwai zuwa tara da rabi. Wanda ya kalli yamma sai bayan la'asar. Sakkwato tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka a watannin hunturu rana tana karkata kudu, bangon da ya kalli kudu ya wuni cikin haske, na arewa kuma ya wuni cikin inuwa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ne ranar tsaka take ɗan ratsawa ta arewa. Idan gaban gininka arewa ya kalla kuma kana son ganin inuwar barandarsa a jikin bango, sai ka shirya aikin a wannan tsakani.

Tsakar rana ba ta da amfani ga wannan aiki, domin inuwa takan taru a gindin bango, gini ya fito shafal ba zurfi, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. Ranar Asabar ta fi dacewa, motocin ma'aikata ba su tare gaban ofis ba. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri kuwa, a yi awo da ƙirga kawai, a bar maganar inuwa da launi sai sama ta washe.

Ka zaɓi mazauninka a wannan ziyara. Ya kasance nesa da ginin kamar ninki biyu na tsayinsa ko fiye, yadda za ka ga dukkansa ba tare da juya kai ba, kuma ta wajen kusurwa, yadda gaba da gefe ɗaya za su bayyana tare. Ka yi wa wurin alama da dutse ko ka ƙirga taki daga wata bishiya ka rubuta, saboda gobe a nan ɗin dai za ka zauna.

5. Ƙirga da awo

A zuwa na biyu, kafin komai, ka buɗe shafi ka rubuta lambobi: tagogi nawa a gaba, nawa a gefe, ginshiƙan baranda nawa, matakala nawa, indararo nawa, zankwaye nawa idan akwai. Ka ƙirga daga hagu zuwa dama, ka sake daga dama zuwa hagu. Na taɓa kammala zanen wani ofis da tagogi tara, wani tsohon masinja da ya yi aiki a wurin har ya yi ritaya ya duba ya ce, "Ɗana, tagoginmu sha ɗaya na, ina kak kai biyu?" Na ce, "Baba, reshen dogon yaro ne ya rufe su." Gaskiyarsa ce, kuma sai da na sake zanen daga tushe, domin ba a cusa taga biyu cikin bangon da aka riga aka raba.

Ba sai ka ɗora tef a bangon hukuma ba. Bulon siminti da ake amfani da shi a ƙasar nan tsayinsa inci tara ne, tsawonsa inci 18, kuma idan aka haɗa da simintin da ke tsakani, jeri huɗu sukan ba da kusan mita ɗaya. Ƙofar ofis ta yau da kullum kusan ƙafa bakwai ce, wato mita 2.1, sai dai tsofaffin gine-gine sukan saɓa wa wannan. Faɗin gini kuwa a auna shi da taki, bayan ka san tsawon takinka a gida.

Daga mazauninka kuma sai awon fensir. Ka miƙe hannu sosai, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da saman ƙofa, ka sa babban yatsa daidai da ƙasanta. Wannan tsayin shi ne mudunka. Da shi za ka auna ƙofa nawa ke cikin tsayin bango, nawa ke cikin faɗinsa.

Hattara: idan gwiwar hannu ta lanƙwashe ko kaɗan, awon ya canja. Haka nan hoton waya abin tunatarwa ne kawai. Da zarar an ɗaga waya sama don ta ɗauki rufi, bangaye sukan karkata ciki kamar za su haɗe, wanda ya kwafi hoton kuma ya kwafi karkatar.

6. Kafa ƙwarangwal

A nan aikin yake tsayuwa ko ya rushe, don haka a ba shi rabin lokacin. Da fensir 2H, ba tare da dannawa ba, ka bi wannan jeri:

Na farko, layin ido. Ka riƙe fensir a kwance daidai idonka, ka ga inda ya yanke ginin. Ga wanda ke zaune kan 'yar tsugunno yakan faɗo wajen gindin taga, ga na tsaye kuma wajen kashi biyu cikin uku na ƙofa ko sama kaɗan. Ka ja shi daga gefen takarda zuwa gefe. Duk layin ginin da ke sama da shi, kamar bakin rufi da saman tagogi, gangarowa yake yi zuwa gare shi yayin da yake nisa. Duk wanda ke ƙasa da shi, kamar gindin bango da dakali, hawa yake yi.

Na biyu, kusurwar ginin da ta fi kusa da kai. Layi ne a tsaye, kuma shi ne mafi tsawo a cikin layukan tsaye na bangon. Kada ka sa shi a tsakiyar takarda, ka matsar da shi gefe domin gaban ginin ya samu fili.

Na uku, gangaren rufi da na gindi. Ka karkata fensir a iska har ya kwanta kan bakin rufin, ka sauko da shi kan takarda ba tare da juya wuyan hannu ba. Ka yi haka ga gefen dama da na hagu, sama da ƙasa. Idan ka zarce da waɗannan layuka, na kowane gefe za su haɗu a wuri ɗaya kan layin ido. Sau da yawa mahaɗar tana faɗawa wajen takarda, sai a manna wata takardar a gefe da salatif, ko a kafa ƙusa a katako a ja zare daga gare ta.

Na huɗu, ƙarshen bangaye biyu, bisa awon fensir da ka yi. Yanzu kana da akwati. Ka tsaya ka ɗaga shi kusa da ginin ka kwatanta, domin gyara a nan minti biyu ne, bayan an sa tagogi kuwa wuni guda ne.

Na biyar, rabon bango. Tsakiyar bangon da ke nisa ba a samunta da rula, saboda rabin da ke kusa da kai ya fi faɗi a ido. Ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu kamar alamar sau, inda suka gitta nan ne tsakiya. Ka sake yin haka a kowane rabi don samun kwata. Da wannan ake jera ginshiƙai da tagogi, kowace tana ɗan ƙanƙanta fiye da ta gabanta.

Hattara: layukan tsaye su tsaya cak, daidai da gefen takarda. Banda ginin ƙasa, wanda bangonsa ya fi kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyinsa kuma a dulmuƙe suke. Wanda ya sa wa ginin tubali rula ya mayar da shi na siminti. A irin wannan a yi ƙwarangwal da rula, a bi kansa da hannu sake.

7. Ƙananan sassa

Kada ka fara su a babbar takarda. Ka matsa kusa, ka zana taga ɗaya da girma a littafinka: katako ce ko luba, gilashi nawa, ƙarfen kariya wane fasali. Haka za ka yi wa ginshiƙi ɗaya, indararo ɗaya, bakan gizo idan akwai, da dagi ko wani ado na bakin ƙofa. Kaurin bango yana bayyana ne a cikin ramin taga, kuma daga kusurwa gefe ɗaya kawai na ramin ake gani, wato na nesa da kai. Mantawa da wannan ne ke sa tagogi su yi kama da an manna su.

Rubutun jikin gini, ko sunan ofis ne ko shekarar da aka sassaƙa a dutsen harsashi, da boko ko da ajami, a kwafe shi harafi-harafi yadda yake, ko da akwai kuskure a ciki. Tsagewar bango, facin siminti, kwanon da ya yi tsatsa da tabon da ruwan indararo ya bari duk a bar su, su ne shekarun ginin. Idan ana son nuna kamanninsa na da, sai da tsohon hoto a hannu. Ana iya neman irin wannan a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ko a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna inda aka ajiye fayilolin Lardin Sakkwato, sannan a rubuta a ƙasan zanen cewa daga hoto aka ɗauko.

Don mai kallo ya gane girman ginin ana buƙatar wani abu da ya saba gani a kusa da shi. Wanda ba ya zana mai rai, kamar yadda da yawa daga cikinmu ba sa yi, ya sa keke a jingine, ko babur ɗin kabu-kabu, ko benci da buta a gindin bishiya.

8. Tawada da inuwa

Ka fara daga sama ta hagu idan da dama kake rubutu, ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin hannunka saboda gumi. Baki 0.5 na gefen ginin ne da abin da ke kusa, 0.3 na ƙofofi da tagogi, 0.1 na layukan kwano da tsaga da abin da ke nesa. Ba sai an zana kowane bulo ba, 'yan kaɗan a kusurwa da gindin bango sun wadatar. Ka bar tawada ta yi aƙalla rabin awa kafin ka goge fensir.

Inuwa kuwa ta lokaci ɗaya ce. Ka zaɓi sa'a, misali ƙarfe takwas da rabi, ka yi wa iyakar kowace inuwa alama cikin minti goma, ka rubuta lokacin, ka daina bin ta. Wanda ya bi inuwa tana tafiya zai ƙare da baranda mai inuwar safe da bishiya mai inuwar hantsi. Cikin baranda da ramin taga su ne mafi duhu, bangon da ba ya samun rana yana tsakiya, bangon da rana ta buga kuma a bar shi fari.

9. Launi

Launi uku sun isa yawancin gine-ginen garin nan: rawaya mai kama da ƙasa, ja irin na jar ƙasa, da shuɗi mai duhu. Haɗin jan da shuɗin yana ba da tokar inuwa mai kyau, don haka ba a buƙatar baƙi. A manne gefunan takarda huɗu da salatif, a fara da mafi haske, a bari ya bushe kafin a ƙara wani.

Hattara: a lokacin hunturu da bazara fentin ruwa yana bushewa kafin burushi ya kai ƙarshen bango, ya bar zara-zara. A dama isasshen launi tun farko, a ɗan jiƙa wurin da ruwa zalla, a yi aikin a ɗaki da sassafe, fanka a kashe, taga a rufe saboda ƙura.

10. Rubutun shaida, adanawa da farashi

A ƙasan zanen ka rubuta da fensir sunan ginin kamar yadda yake a allonsa, sunan da mutanen gari suke kiransa idan ya bambanta, unguwa, gefen da ka zauna, kwanan wata da sa'ar inuwa, sannan sa hannunka. Kafin firam, ka kai shagon kwamfuta a yi masa sikanin a kan dpi 300 ko fiye, wato awon tsabtar hoto, ka ajiye a wuri biyu. Kada ka yarda a yi wa na asali laminatin, domin robar da injin ya manna da zafi ba ta ciruwa. A firam kuma a sa kwali mai rami tsakanin zane da gilashi don kada damshin damina ya manne su, a rataye shi inda rana ba ta bugawa.

Idan na sayarwa ne, ka tara kuɗin takarda, tawada, abin hawa na duk zuwan da ka yi, sikanin da firam, sannan ka ƙirga awannin aikin ka sa musu kuɗi daban. Misali, idan kaya sun ci naira 15,000, aikin kuma ya ɗauki awa 20, wanda ya sayar a kan naira 20,000 ya yi kowace awa a kan naira 250 ke nan. Kwafin da aka buga daga sikanin yana sauƙaƙa wannan, domin ana sayar da shi da rahusa ga mutane da yawa, na asali kuma ya tsaya a kan farashinsa. Daga cikin kwafin farko a ware biyu, ɗaya a kai ofishin da ya ba da izini tare da takardar godiya, ɗaya kuma a miƙa wa masu gadin da suka ba ka wurin zama.